Yadda Mai Siki Zai Koma Hawa Allon Ƙanƙara, da Kayan da Zai Fara Nema

Ɗan yayata da ke karatu a Erzurum, can gabashin Turkiyya, ya kira ni wani dare cikin hunturu ina zaune a ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, sai ya ce, "Kawu, sanyi biyu ke nan ina siki a Palandoken, yanzu allo nake son komawa. Na ga wani a kanti an karya masa farashi, in saya?" Na ce masa, "Ɗana, kada ka fitar da ko lira ɗaya tukuna." Mun fi awa muna magana ba mu gama ba, shi ya sa na zauna na rubuta masa sauran. Na san ba shi kaɗai ba ne: yaranmu na Katsina da Daura suna nan birjik a Turkiyya da Rasha da Sin da Kanada, kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Alƙahira da yawa sun taɓa leƙa ɗakunan dusar ƙanƙara na can.

Ni a dutsen Erciyes na koya, lokacin ina ɗalibi a Kayseri. Sanyi uku na yi a kan siki kafin na ɗaura allo. Ga wanda bai sani ba, siki katako biyu ne dogaye, kowace ƙafa da nata, da sanda biyu a hannu, kana fuskantar inda za ka. Sinobod kuwa allo ne guda mai faɗi, ƙafa biyu a ɗaure a kansa, kana tafiya a karkace, babu sanda. Allo zan riƙa ce masa. Ba tsohon wasa ba ne: a 1965 wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen ya haɗa siki biyu wuri guda don 'ya'yansa a jihar Mishigan, a 1977 Jake Burton Carpenter ya buɗe kamfaninsa na ƙera allon a jihar Bamont, sai a 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik ta sanyi a Nagano ta Japan.

Abin da sikinka zai ba ka, da abin da zai cuce ka da shi

Ka riga ka fi sabon shiga da abubuwa da yawa. Ka san bambancin dusa mai laushi da wadda ta daskare ta zama gilashi. Ka san layin gangara, wato hanyar da ƙwallo zai bi in an sake shi daga sama. Ka san cewa gefen ƙarfen da ke jikin siki shi ke riƙe mutum, ba ka tsoron gudu, ka san kujerar igiya mai kai mutane saman dutse da dokokin hanya. Waɗannan duk naka ne, kuma su za su sa ka yi a kwana uku abin da wani zai yi a mako.

Amma jikinka ya haddace wasu abubuwa da allo ba ya yarda da su. Na farko, malamin siki ya koya maka ƙirji ya riƙa kallon ƙasan gangara. A kan allo in ka yi haka, kafaɗunka sun murɗe, ƙugunka ya bi, wutsiyar allon ta fara zillo. Nan kafaɗu suna bin tsawon allon ne, kai kaɗai ake juyawa. Na biyu, babu birkin nan na haɗa kawunan siki biyu. In abu ya rikice ba ka da ƙafa ta biyu da za ka ware ka tsira, birkinka ɗaya ne: ka gitta allon ka kafa gefen da ke wajen tudu. Na uku, kalmar "gaba" ta canza ma'ana. A siki gaba yana nufin ka danna ƙwauri a harshen takalmi. A allo gaba yana nufin ka ɗora nauyi a ƙafar da ke wajen hancin allon, wato ka jingina ta gefe zuwa inda tsoro ke ce maka ka guda.

Na huɗu ya fi su zafi, domin a zuciya yake. Mutumin da ya saba sauka jan layi, wato hanya mai tsanani da ake yi wa alamar ja, zai ji nauyin komawa filin yara ya zauna a ƙasa. Ka koma. Na ga masu siki da dama sun hau tsauni da allo tun rana ta farko don suna ganin sun san dutsen, aka sauko da su a gadon da masu ceto ke ja a kan dusa.

Tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana hutu a Katsina kafin ka koma, akwai abin yi. Fara gano ƙafarka ta gaba. Sa safa, ka ɗan rugo a kan tayil mai santsi ka zame: ƙafar da ta wuce gaba da kanta, ita ce. Ko ka lura da wadda kake buga ƙwallo da ita, galibi ita ce ke zama a baya. Mai hagu a gaba ana ce masa regula, mai dama a gaba gufi. Babu wanda ya fi wani, kuma in ka ji ba daidai ba a ranar farko, minti biyar ne a juya maɗauran da ke riƙe takalmi a kan allon.

Sai motsa jiki. Ka jingina baya da bango kamar kana kan kujera har cinya ta fara zafi. Ka yi ɗage a kan yatsu ka sauka, sau ashirin, sau talatin, don sha-raɓa. Mafi amfani duka: ka zauna a tabarma ƙafa biyu a ware daidai faɗin kafaɗa, ka miƙe ba tare da ka motsa su ba. A ranarka ta farko za ka yi wannan tashin fiye da yadda za ka iya ƙirgawa, kuma shi ke cinye ƙarfin mutum, ba zamiyar ba. Ka tuna kuma Katsina ba ta fi mita 500 da 'yan kai sama da teku ba, alhali gindin filin Erciyes da na Palandoken sun haura mita 2,000. Numfashi zai yi maka wuya da farko, ka yawaita shan ruwa.

A shagon haya

An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a wannan harka haya ita ce daidai har sai ka yi kwana uku zuwa biyar a kan dusa. Kafin nan ba ka san irin abin da ƙafarka ke so ba.

Takalmin sikinka ba zai shiga maɗaurin allo ba, dole ka karɓi na allo, mai laushi wanda ake iya tafiya da shi. Ka faɗi tsawon ƙafarka da santimita kamar yadda ka saba a siki. Safa ɗaya tak, doguwa, kuma kada ka cusa ƙafar wando a ciki. In ka miƙe tsaye yatsu su taɓa gaban takalmin kaɗan, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya. Sai ka yi ɗage: in dunduniya ta ɗaga a cikin takalmin, ka mayar a canza. Ni wani shagon haya ya taɓa ba ni mai girma da lamba ɗaya, na karɓa don kunya da tsawon layi. Ranar nan duk umarnin da na ba allon ta gefen yatsu a makare yake isa, na sha faɗuwar da ba ta da dalili. Kada kunya ta hana ka mayarwa ko sau uku ne.

Ka gaya musu nauyinka da kilo, tsawonka, da cewa yau ka fara. Ka nemi allo mai laushi, wanda in ka tsayar da shi zai kai tsakanin haɓarka da leɓenka. A ɗaura maɗauran da tazarar da ta ɗan fi faɗin kafaɗa. Kusurwa kuma, yawancin malamai suna fara ɗalibi da tsayuwar agwagwa: ƙafar gaba digiri 15 wajen hanci, ta baya tsakanin sifili da 15 wajen wutsiya. Ka duba takalmin ya zauna a tsakiya, abin da ya leƙo ta yatsu daidai da abin da ya leƙo ta dunduniya.

Kada ka fita shagon sai da hular kwano da kariyar tsintsiyar hannu. Mai siki gwiwa yake ji wa tsoro, mai allo kuwa tsintsiyar hannu ce ta fi karyewa, musamman a kwanakin farko. Maɗaurin allo ba ya sakin ƙafa in ka faɗi kamar na siki, saboda haka gwiwa ba ta cika murɗewa ba, amma duk nauyin faɗuwar a hannu da mazaunai da ƙeya yake sauka. Sannan ka ɗauki malami ko na awa biyu ne, ka gaya masa kai mai siki ne don ya tsallake abin da ka sani. Aboki yana iya hawa, amma ba kowa ke iya ganin kuskuren wani ba.

Ƙafa ɗaya a ɗaure

A fili mai shimfiɗa, ɗaura ƙafar gaba kaɗai. Bel na idon sawu ake fara ja, sannan na yatsu. Ka riƙa tura allon da ƙafar baya, taku gajeru, nauyi a ƙafar gaba, ido a gaba. Da ka sami ɗan gudu sai ka ɗora ƙafar baya a kan allon ka manna ta da maɗaurin baya, ka bari ya tafi da kai har ya tsaya. Masu siki suna raina wannan mataki don ba shi da daɗi, ga shi kuma da shi za ka sauka daga kujerar igiya duk ranar Allah. Ka ba shi rabin awa. In ka saba, hau ɗan tudu mai fili a ƙasansa, ka zamo miƙe, sannan ka gwada ɗaga yatsu kaɗan ka kalli gefen bayanka: allon zai lanƙwasa ya tsaya. Ka sake, wannan karon ka danna yatsu ka lanƙwasa ta ɗaya gefen.

Kafin ka ɗaura ta biyu, koyi faɗuwa. In gaba za ka faɗi, dunƙule hannu, gwiwa ta fara sauka, sai sangalin hannu gaba ɗaya. In baya ne, ka durƙusa ka bari mazaunai su karɓa, haɓa a manne da ƙirji, hannu a jiki. Tafin hannu a buɗe da gwiwar hannu a miƙe, wannan shi ne karaya.

Gefen tudu

Nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan zan daɗe. Allo yana da gefe biyu: na dunduniya da na yatsu. Duk lokacin da allon ke gicciye a gangara, gefen da ke wajen tudu shi ne a cikin dusa, wanda ke wajen kwari yana sama. In na wajen kwari ya taɓa dusa alhali kana zamewa, zai kafe nan take ya maka ka da ƙasa kafin ka ankara. A siki irin wannan kuskure tuntuɓe ne kawai, ɗaya ƙafar ta cece ka. A allo babu mai ceto.

Zauna kana kallon kwari, allon a gicciye, ka ɗaura ƙafa ta biyu. Kafa gefen dunduniya, jawo allon kusa da mazaunai, ka tura da hannu ɗaya ka miƙe. In ya ƙi, kuma yakan ƙi ga mai jiki, kwanta ka mirgina allon ka koma kan gwiwa kana kallon tudu. Tashi daga nan ya fi sauƙi.

Tsayuwa ita ce irin ta mahayin doki ranar hawan sallah in ya tashi a kan likkafa zai yi sukuwa: gwiwa a sake tana shan girgiza, baya a miƙe, ido can nesa. Kana kan gefen dunduniya, ɗauki yatsunka kamar suna kan totur ɗin mota. Ka sauke su kaɗan, allon ya fara zamewa ƙasa a gicciye. Ka ɗaga su, ya tsaya. A hankali ake yi, kuma ba a taɓa taka totur ɗin nan har ƙasa. Ƙugu ya zama kamar za ka zauna a kujera, nauyi daidai a ƙafa biyu. Ka sauka gangaren haka sau biyu ko uku har ka iya tsayawa a duk inda ka ga dama.

Sai gefen yatsu, wanda kusan duk mai siki ke gudu, domin yana nufin ka ba kwari baya. Ka fuskanci tudu. Kada ka yi ɗage kamar mai leƙen katanga, sha-raɓarka za ta ƙone cikin minti biyu. Ka sauke gwiwa ka kwantar da ƙwauri a harshen takalmi, abin da ka riga ka iya daga siki, ka turo ƙugu gaba, ƙirji a tsaye. Wanda ya sunkuya ya turo mazaunai baya, nauyinsa ya koma gefen dunduniya, kuma faɗuwar da ke biyo baya ta ƙeya ce. Ka ba wannan gefe lokaci fiye da wancan. Na san mutanen da suka shekara suna sauka dutse da dunduniya kaɗai don sun tsallake wannan darasi, kuma har yau ba a ce sun iya ba.

In gefe biyun sun zauna, ƙara nauyi kaɗan a ƙafar hagu ka kalli hagu, allon zai tafi can. Daidaita, ka koma dama. Haka za ka sauko kana lilo kamar ganyen da ya faɗo daga bishiya. Daga nan sai ka riƙa barin hancin allon ya ɗan sunkuya wajen kwari, ka sami gudu, ka dawo da shi ya gitta. Kowane zagaye ka bari ya ƙara sunkuyawa. Rabin shan kwana ke nan kake yi, ba ka canza gefe ba.

Kwana ta farko

Zaɓi gangare mai faɗi, mara tsanani, mai alamar kore ko shuɗi, launukan hanyoyi masu sauƙi. Kana tafe a kan dunduniya, ka ɗora nauyi a ƙafar gaba, abin da ya ɗan fi rabi. Sauke yatsun ƙafar gaba kaɗai, ta baya tana nan riƙe da gefenta. Allon zai murɗe kamar tawul da ake matsewa, hancinsa ya nufi kwari. Yanzu ƙafar baya ta bi, allon ya kwanta shimfiɗe yana kallon layin gangara. A nan gudu ke ƙaruwa, a nan kuma jiki ke son ja da baya. In ka ja, hancin ya yi sama, linzami ya kuɓuce. Ka tsaya a ƙafar gaba, ka ƙirga ɗaya, biyu, sannan ka kwantar da gwiwar gaba wajen yatsu, ta baya ta biyo, idonka yana kallon gefen hanya inda kake son zuwa. Allon zai zagayo ya gitta, kana fuskantar tudu. Ka tsaya cak.

Dawowa kishiyar haka ce: nauyi a gaba, sauke dunduniyar gaba, jira allon ya miƙe, ɗaga yatsu, ka waiwaya ta kan kafaɗar gaba. Ƙa'idar da ba a karyawa a wannan mataki ita ce, ba a canza gefe sai allon yana tafiya ta inda hancinsa ke kallo. Mai siki yakan yi gaggawar canzawa don ya saba da gajerun kwanoni, ko ya riƙa shure wutsiya da ƙafar baya yana wurga hannu. Wannan yana juya allon, amma ɗabi'a ce mai wuyar bari. In ka ga hannunka na baya yana yawo a gabanka, kama gefen wandonka da shi ka sauka haka sau ɗaya, za ka ji bambanci.

Idan ka sha kwana ɗaya ka tsaya, ɗaya ka tsaya, har sau goma, sai ka daina tsayawar. Ranar da ka sha kwana sau biyar a jere ba ka faɗi ba, za ka ji wani abu da siki bai taɓa ba ka ba, kamar jikinka da allon da dutsen abu ɗaya ne. Yawanci rana ta biyu ko ta uku ake samun wannan.

Hawa sama da wuraren shimfiɗa

Inda akwai akwatin igiya da ake shiga a zauna, kamar Erciyes da Palandoken, fara da shi, allo a hannu. A kujera kuwa ƙafar baya a kwance take. In kun kusa isa, juya jiki a karkace, miƙe allon, hanci sama. Da ya taɓa ƙasa ka ɗora ƙafar baya jikin maɗauri, ka miƙe, ka bari kujerar ta tura ka, ka tafi miƙe har fili. Kada ka kama na kusa da kai. Ƙugiyar da ke jan mutum a ƙasa ta fi wuya a allo fiye da siki, ka bar ta sai ka ƙware a ƙafa ɗaya.

Ba ka da sanda yanzu. Siraran hanyoyin nan masu shimfiɗa da kake wucewa ba ka lura ba, su ne za su tsayar da kai. Ka hango su daga nesa ka shigo da gudu, kana ɗan danne gefe ɗaya, don allon da ya kwanta sarai a irin wurin yana saurin kafewa. Kana kuma da makahon gefe, wato bayanka, saboda haka ka waiwaya kafin kwanar dunduniya. Dokoki goma na FIS, hukumar wasan siki ta duniya, ba su canza ba: na gabanka shi ke da hanya. Masu allo suna yawan zama a dusa, to a bakin hanya ake zama, ba a tsakiya ko bayan tudun da na sama ba ya hango ka ba. In ka kwance allon, kifa shi maɗauran su shiga dusa, domin ba shi da birkin da siki ke da shi, in ya gudu makami ne.

Sayayya

Hular kwano da gilashin ido na siki su za ka ci gaba da su. Wanda ba shi da hula ya nemi mai ɗauke da alamar EN 1077 ko ASTM F2040, ta babur ba ta dace ba, ta yi nauyi. Abin da za ka fara ƙarawa shi ne kariyar hannu, gajeren wando mai katifa a mazaunai, da safar hannu da ruwa ba ya ratsawa wadda kariyar za ta shiga cikinta. Wandon waje ya zama mai hana ruwa da gaske, ka nemi wanda lambar hana ruwansa ta kai 10,000 ko sama, don za ka zauna a dusa fiye da yadda ka taɓa yi. A ciki kada a sa auduga, tana riƙe gumi ta yi sanyi a jiki. Riga kam, ka leƙa wajen 'yan gwanjo a babbar kasuwa kafin ka tafi. Cikin dilolin da ake kwancewa da hunturu akan sami rigunan siki na ainihi, irin waɗanda 'yan acaɓa ke saye. Ka duba akwai ƙyallen roba mai matse ƙugu daga ciki, da zif a ƙarƙashin hammata. Ga 'yan'uwa mata, kayan allo dama masu yalwa ne masu rufe jiki. Ki sa siririn hijabi mai kama kai a ƙarƙashin hula, ki cusa bakinsa cikin riga, don mayafi mai reto yana iya maƙalewa a igiya.

Babban saye na farko takalmi ne, kuma nan kuɗinka ya kamata ya fi tafiya. A kanti za ka saya, da yamma bayan ƙafa ta ɗan kumbura, ka zauna da shi minti ashirin. Ya kama sosai, domin cikinsa yana buɗewa bayan 'yan kwanaki. Ka zaɓi mai laushi zuwa matsakaici. Akwai mai igiya, akwai mai ƙulli na BOA da ake murzawa. Na biyun ya fi sauri, na farkon ya fi sauƙin gyara in ya tsinke, amma riƙon dunduniya ya fi duka muhimmanci.

Maɗauri ya dace da girman takalmin, ka tafi da takalmin a gwada. Ka tabbata faifansa ya dace da ramukan allon, don allunan Burton na yanzu dogon rami suke da shi maimakon jerin ramukan noti. Tsarinsu na Step On da suka fitar a 2017, wanda ake takawa ya kulle, yana jan hankalin masu siki, sai dai takalmi na musamman yake buƙata.

Allo shi ne na ƙarshe. Nauyinka ya fi tsawonka muhimmanci, kowane kamfani yana da jadawali, ka bi shi. Mai kilo 70 da tsawon santimita 175 zai sami kansa wajen 152 zuwa 156. Mai takalmi lamba 45 ko sama ya nemi allo mai faɗi, kada yatsunsa su riƙa jan dusa. Ana auna tauri daga 1 zuwa 10. Ana ba sabon shiga 2 ko 3, amma kai da za ka wuce wannan mataki da wuri, ina ganin 4 ko 5 ya fi maka. Siffar ƙasa iri uku ce. Kamba tsakiyarsa a ɗage kamar baka, yana riƙe ƙanƙara, yana kuma hukunta kuskure. Roka hancinsa da wutsiyarsa a ɗage kamar kwale-kwale, yana yafiya, amma yana rawa in gudu ya yi yawa. Sai mai haɗa biyun, kamba a ƙarƙashin ƙafa, roka a hanci da wutsiya. Shi nake ba mai siki shawara, don ka saba da gefen da ke cizo, roka zalla zai gundure ka kafin sanyi ya fita. Ka jira Maris ko Afrilu farashi ya sauka. In na hannu ne, bi gefen ƙarfen da yatsa ka nemi tsagewa, duba ko fatar ta fara rabuwa, ko akwai ramin da ya kai ga katakon ciki.

Wanda Dubai ko Alƙahira ce hanyarsa, Ski Dubai da aka buɗe a 2005 da Ski Egypt na 2017 suna ba da kaya haya da malamai duk shekara, dusarsu ba ta canzawa, kuma sun isa a koyi duk matakan nan har zuwa haɗa kwana. Shi kam ba shi da bukatar sayen allo sam.

Ka duba inshorarka ko ta ƙunshi wasannin dusa, da yawa ba sa ƙunsa. Ka shafa man kariya daga rana, domin dusa tana maido da haskenta fuska kuma baƙar fata ma tana ƙonewa a tsauni, man kaɗanya kuma don leɓe da kumatu. Ka yi alwala kafin ka ɗaure takalmi, manyan filayen Turkiyya suna da wurin salla a gindin dutse. Azumi a waɗannan shekaru cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa, kuma kwana ukun farko ba na mai azumi ba ne, ka yi su kafin watan ya kama.

Da sanyi ya fita, goge allon ya bushe sarai don gefen kada ya yi tsatsa, a shafa masa kaki mai kauri a bar shi ba a kankare ba, ka sassauta notin maɗauran, ka cire cikin takalmin ya sha iska. Ka bar su can wurin aboki a ɗaki mai sanyi. Zafin Afrilu na Katsina, musamman a ɗakin kwano ko bayan mota, yana sakin gam ɗin takalmi, yana kuma iya lanƙwasa allon.